Gwangwanin Baba Ɗanmalam

Shafi na 19

Sallama ga masu bibiyar wannan labari. Wanda ya makara, ga inda aka tsaya: Ramlatu mai shara da goge-goge ce a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Kibiya, shekararta tara tana wanke ɗakin haihuwa. Wata huɗu ke nan hannayenta suna tsagewa, magana kuma ta soma yawo. Yau Litinin, an kira ta ofis.

Tun da aka kafa asibitin nan, ba a taɓa kiran mai shara ofis da safe a ce alheri ne ba. An kira Iya Hadiza da safe shekarar ambaliya, ba ta ƙara riƙe tsintsiyar asibitin ba. An kira Murtala maigadi da safe, kafin la'asar wani ne a bakin ƙofa. Ramlatu ta san wannan tarihi, domin haka ta yi sallama a hankali, hannayenta biyu a cikin hijabi.

Sista Saudat, incajin asibitin, tana zaune bayan tebur. A damanta akwai fom da biro. Tafinta na hagu kuwa yana kan wata takarda, ta danne ta.

"Shigo, Yaya Ramlatu. Zauna."

"Na gode, ranki ya daɗe. Tsayuwar ta ishe ni."

"Fito da hannunki in gani."

Ramlatu ta fito da su. Lallen da ta ƙunsa domin ɓoye su ya koɗe, ya bar ja mai duhu. Bayan hannun ya yi kaushi kamar ɓawon ice, tsakanin yatsu ya tsattsage yana tsattsafo da ruwa, faratan sun yi fari suna ɓarewa. Ta shafa man kaɗe, ta shafa man shanun da wata Bafulatana ta kawo mata daga ruga, ta jiƙa su a ruwan sassaƙe. Babu wanda ya yi.

Sista Saudat ta kau da kai da sauri.

"An turo mini wasiƙa. Zan karanta miki."

Ba ta ɗaga takardar ba. Ta zame tafinta kaɗan, ta karanta daga inda take:

"Zuwa ga incaji. Muna sanar da ke cewa matar da ke wanke ɗakin haihuwa tana da ciwon da ba a faɗar sunansa, kuma yana yaɗuwa. Matanmu da jariranmu amana ne. Idan ba a ɗauke ta ba, za mu kai magana gaba. Daga masu kishin gari."

Ciwon da ba a faɗar sunansa. Ramlatu ba ta bukaci a faɗa ba. A Fassi, garinsu, mata sun daina karɓar guga daga hannunta a bakin rijiya. A sunan jikar maƙwabciyarta, kwano daban aka ware mata, wai girmamawa ce. Kuturta suke nufi, ba su dai furta ba.

"Wa ya kawo ta?"

"A ƙarƙashin ƙofa na tsince ta."

"Ni nake share ƙarƙashin ƙofar nan kullum, Sista."

"To ranar ba ki share da kyau ba." Sista Saudat ta jawo fom ɗin. "Ki saurare ni. Ranar Alhamis masu duba asibitoci za su zo daga Rano. Ba zan bari su tarar da wannan magana a buɗe ba. Zan sa hannu a takardar dakatarwa, kafin azahar a kai ta Rano. Ki je gida ki huta."

"An gwada ni ne?"

"Za a gwada ki daga baya."

"To me ya sa hukunci ya riga gwaji?"

Ramlatu ta san abin da fom ɗin yake nufi. Idan ya fita daga ɗakin nan da sunanta, abin da ake faɗa a bakin rijiya ya zama abin da hukuma ta rubuta. Aiki zai tafi, sunan kuma zai zauna har kan 'ya'yanta.

Ta ɗago kai ta dubi incaji.

"Ranki ya daɗe, na san wadda ta rubuta wasiƙar nan, na kuma san wadda ta sa mini ciwon. Mutum ɗaya ce. A kira Zulaiha."

"Ba ni da lokacin shari'a."

"Zamanin Malam Tajuddeen, incajin farko, ba a sallamar ko mai kwasar bola sai an zaunar da shi gaban wanda yake zargi. Haka wanda ya gaje shi ya yi. Ban ji ranar da aka soke wannan ba."

Sista Saudat ta dube ta, ta dubi agogon bango. Sannan ta ɗaga murya ta sa a kira Zulaiha.

Zulaiha ita ce mai goge ɗakin maza da baranda, ba ta wuce shekara biyu da kama aiki ba. Ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta rusuna.

"Ga ni, Sista. Yaya, ina kwana?"

"Ajiye gaisuwarki," in ji Ramlatu. "Miƙo hannunki."

Zulaiha ta miƙa. Sumul suke, in ban da ɗan kaushin aiki.

"Kin gani, Sista? Aiki ɗaya muke yi, rumfa ɗaya muke ajiye bokiti. Nata kamar na amarya, nawa kamar an gasa. Zulaiha, ki ji tsoron Allah ki faɗa. Ranar Laraba da safe, wa na gani tsugune a kan bokitina a bayan sito?"

Zulaiha ta sunkuyar da kai.

"Ni ce."

"Ranar Asabar fa?"

"Ni ce."

"Da jiya?"

"Ni ce, Yaya."

"Alhamdu lillahi, ba a kai ga rantsuwa ba." Ramlatu ta matso kusa da ita. "Kuma ga shaida ta biyu. Watan jiya na tafi Fammar jinyar mahaifiyata, mako biyu. Kafin in dawo hannun nan ya kame, har wanki na yi mata. Na dawo da kwana uku ya sake fashewa. Ciwon Allah yana sanin gari ne? Sai na matso kusa da ke yake tashi! Me na tsare miki? Ɗakin haihuwar kike so? Ai da kin roƙa."

"Yaya..."

"Me kike barbaɗa mini?"

"Ruwa ne."

"Me?"

"Ruwan burtsatse. Wallahi tallahi ruwa ne zalla. Zubar da rabin bokitin nake yi, in cika shi da ruwa. Haka nake yi wa nawa kullum tun bayan Babbar Sallah. Naki kuwa sai ranar da na riga ki isowa, shi ya sa bai hana komai ba."

Ramlatu ta yi dariyar da babu daɗi a cikinta.

"Ji wata sabuwa. Kina yi mini alheri a ɓoye kamar ɓarauniya?"

"Da wane baki zan faɗa? Haɗin Baba Ɗanmalam ne. Shi ya kawo ni aikin nan bayan rasuwar mahaifina. In tsaya a gaban mutane in ce haɗinsa ya yi ƙarfi?"

Sunan ya faɗo ɗakin da nauyi. Baba Ɗanmalam shi ne shugaban masu shara, shekara ashirin da bakwai yana riƙe da mabuɗin sito. Kowace safiya shi yake haɗa ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya jera bokitai, kowa ya ɗauki nasa. Ba a taɓa jin wanda ya gyara masa ba.

Sista Saudat ta ɗauki biro.

"Ya isa. Wannan rigimarku ce ta bayan sito, ba ta shafi wasiƙa ba. Zulaiha, koma bakin aikinki."

Ramlatu ta lura da saurin. Ta lura kuma har yanzu tafin hagun bai bar kan takardar ba. Wani abu ya ɗarsu a ranta, amma ba ta san sunansa ba.

"A'a, ranki ya daɗe. An ambaci mutum a bayan idonsa. A kira shi, ya zo da kayan haɗinsa."

"Yaya Ramlatu, kina wuce gona..." Sista Saudat ta katse maganar, domin ta hango kawuna biyu na ma'aikata suna leƙe ta taga. Ta ajiye biron. "A kira shi."

Baba Ɗanmalam ya shigo da bokitin ruwa a hannu ɗaya, farar roba mai murfi a ɗayan. Dogo ne, gemunsa fari tas, rigarsa ta kaki a goge. Hannayensa suna cikin baƙar safa irin ta masu babur. Ya ce sanyin ƙashi ne yake damunsa, kowa kuma ya yarda.

Da ya ji abin da ake ciki, sai ya dubi Zulaiha kawai. Ta durƙusa ba tare da an ce ta durƙusa ba.

"Haɗina ake tuhuma?"

"Ba tuhuma ba ce, Baba," in ji Ramlatu. "Nuna mana kawai."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, bakinsa ya lotse, jikinsa ya yi fari saboda daɗewa.

"Wannan gwangwani, Malam Tajuddeen ne ya ba ni da hannunsa, lokacin asibitin nan yana ɗaki biyu. Ya ce, 'Ɗanmalam, gwangwani ɗaya a bokiti. Inda jini ya zuba, biyu.' Da shi muka wanke wurin nan shekarar amai da gudawa, mutum arba'in kwance a baranda, ko ma'aikaci ɗaya bai kamu ba. Incaji biyar na gani. Babu wanda ya ce in rage, babu wanda ya ce in ƙara."

Ya buɗe robar, ya cika gwangwanin da farin gari, ya share bakinsa, ya juye a bokiti. Wari ya tashi ya cika ofis, har Sista Saudat ta yi tari.

"Na ɗakin haihuwa biyu ne," Ramlatu ta faɗa a hankali, kamar da kanta take.

"Biyu. Jini ba wasa ba ne."

Zulaiha ta ɗago kai, hawaye a idonta.

"Baba, ka gafarce ni. Wanda Malam Tajuddeen ya auna maka, gari ne?"

"Ruwa ne, a jarka."

"Har yaushe?"

"Har Babbar Sallah da ta wuce. Sai aka daina kawo jarka, aka kawo wannan. Suna ɗaya, wari ɗaya. Kulorin dai."

"Ƙanwar mahaifiyata wannan aikin take yi a Rano. Su ma garin aka kai musu. Cokali ɗaya suke zubawa a bokiti, Baba. Cokalin cin abinci. Ta ce garin ya ninka na jarka ƙarfi kusan sau ashirin. Ta ce santsin nan da ka koya mana, wai mu murza ruwan da yatsu, in ya yi santsi ya kama, ba ruwan ne yake santsi ba. Fatar mutum ce take narkewa."

Ramlatu ta dubi hannayenta. Sau nawa a rana take tsoma su a bokitin gwangwani biyu ta matse tsumma? Safar roba mai kauri ta ƙare tun bara. Ta ma'aikatan jinya da suke ba ta, matsa ɗaya take yi ta yage, ruwan ya shige ya kwanta a ciki. Babbar Sallah, wata huɗu ke nan cif. A Fammar kuwa ba nisa da Zulaiha ta yi ba. Nisa da bokiti ta yi.

Ta juya wajen incaji.

"Sista, ke kika yi karatun. Gaskiya ta faɗa?"

Sista Saudat ta gyara zama.

"Zai iya yiwuwa."

"Irin wannan ciwon yana yaɗuwa?"

"In shi ne, ba ya yaɗuwa. Amma ba a tabbatar ba."

"Maganar yara ce!" Baba Ɗanmalam ya buga ƙafa. "Da haɗina yana cin hannu, da ni zai fara ci. Ni nake dama shi kullum."

Ya ɗauki wani guntun kara daga cikin bokitin ya soma juyawa. Ramlatu ta zuba wa karan ido. Shekara tara tana ganinsa yana naɗe hannun riga ya tsoma hannu har gwiwa. Yaushe kara ya shigo? Ta tuna kuma an ce kwanan nan a masallaci ya daina musafaha, sai dai ya dafa ƙirji.

"Baba, gwada mana shi yadda ka koya mana. Da yatsu."

"Na san ya kama."

"Cire safar, Baba."

"Ramlatu, na haife ki."

"Ka haife ni. Shi ya sa nake roƙonka, ban kama hannunka ba. Ga fom can. In ya tafi Rano, a Fassi sunana kuturwa har in mutu. In ka san abin da ke cikin safar nan zai wanke ni ka bar shi a ciki, to mu haɗu gaban Allah."

Tsohon ya tsaya kamar an kafa shi. Karan ya sulale cikin bokiti. Ya daɗe yana kallon gwangwanin da ke kan tebur, sannan ya kama bakin safar dama da haƙori, ya ja a hankali. Ta manne. Da ta fita, Zulaiha ta yi salati da ƙarfi.

Hannun ya fi na Ramlatu lalacewa. Fatar ta saluɓe har wuyan hannu, jajir, wani wurin ya yi baƙi.

"Na ɗauka tsufa ne," ya ce. "Daga baya na ɗauka wancan ciwon ne, na ɓoye. Da na ga naki, na ce ni na shafa miki. Wata huɗu ban yi barcin kirki ba. Gwangwanin kuwa ko sau ɗaya ban zarge shi ba."

Sista Saudat ta miƙe zumbur domin ta duba hannun. Gefen rigarta ya share teburin, wasiƙar da ta danne tun safe ta zame ta faɗi ƙasa.

Duk abin da ya faɗi ƙasa a asibiti, mai shara ke ɗauka. Jikin Ramlatu ya riga tunaninta, ta sunkuya ta ɗauke ta.

A kife ta faɗi. A asibitin nan takarda ba ta da yawa, kowace sai an yi rubutu a gaba da baya. Bayan wannan wasiƙa bugun inji ne da Turanci. Ramlatu ba ta iya karanta shi ba, amma hoto ba ya bukatar makaranta. Ga farar roba mai murfi. Ga bokiti. Ga cokali ɗaya a tsakaninsu. A ƙasa kuma ga hannu tsirara an ja masa jan layi.

"Miƙo mini ita," in ji Sista Saudat.

Ramlatu ta ja da baya taku ɗaya, ta ɗaga takardar.

"Zulaiha, dubi nan. Wanda ya rubuta ni kuturwa, a bayan ma'aunin gaskiya ya rubuta. Yana riƙe da shi a hannunsa." Ta juya, idonta ya kaɗa. "Baba, mabuɗin sito a wurinka yake. Tare da robar takardar nan ta zo?"

Baba Ɗanmalam ya matso, ya ƙanƙance ido.

"Tare suka zo. A manne take a murfi."

"To kai ka rubuta?"

"Ni? Ban taɓa shiga ajin boko ba, kowa ya sani. Shi ya sa ranar da aka kawo robar ban taɓa garin ba sai da na ciro takardar na kawo a karanta mini."

"Wa ka kai wa?"

Tsohon ya juya. Ya ɗaga hannun nan da ya saluɓe, ya nuna kujerar da ke bayan tebur.

"Nan na kawo ta. Sista tana waya. Na ce ga sabon magani da takardarsa. Ta karɓa ba ta duba ba, ta jefa a aljihun teburin nan, ta ce, 'Baba, ka yi yadda ka saba.' Tun daga ranar ban ƙara ganinta ba sai yanzu."

Garin da bai gama narkewa ba yana ta kumfa a gindin bokiti.

Ramlatu ta dubi aljihun teburin, mai kwaɗo. Ta dubi fom ɗin da sunanta a kai. Ta tuna ƙarƙashin ƙofar da take sharewa kullum ba ta taɓa ganin wasiƙa ba. Ta tuna Alhamis, da mutanen Rano da za su ga hannunta su tambayi wanda ya karɓi takarda, da wanda ya bar safa ta ƙare.

"Ashe ba daga jarirai ake son nesanta ni ba," ta ce. "Daga idon masu zuwa Alhamis ne."

Ta juya ga Zulaiha.

"Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Sannan ta ninke takardar gida huɗu, da yatsun da ke tsattsafo da jini, ta cusa ta cikin rigarta a ƙarƙashin hijabi.

"Takardar ofis ce wannan, Yaya Ramlatu."

"A ƙasa na tsince ta, ranki ya daɗe. Abin ƙasa nawa ne. Ranar Alhamis zan miƙa ta ga masu ita."

Sista Saudat ta ture fom ɗin gefe. Ta zagayo teburin, ta wuce Baba Ɗanmalam, ta wuce Zulaiha, ta isa ƙofa. Ta murza mabuɗi sau biyu, ta zare shi, ta jefa a aljihun rigarta.

"Babu mai fita daga ɗakin nan," ta ce, "sai takardar nan ta dawo hannuna."